Da gaske ginin filin Emirates ne ya hana Arsenal cin kofi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kullum a gidan kallo in musu ya kaure sai manyanmu su ce wai ginin sabon fili ne ya sa muka yi shekara tara ba kofi. Ni abin da na kasa ganewa, fili ai ciyawa ce da kujeru da rufi, ta yaya zai cinye kuɗin babban kulob haka? Kuma me ya hana su faɗaɗa tsohon filinmu Highbury kawai a huta? Ko dai kare kocinmu na lokacin, Wenger, ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, ta yi min daɗi don ta taɓo aikina. Manyan naku suna da gaskiya amma ba duka ba, bari mu bi ta a hankali.

Mu fara da Highbury tunda nan ka fi jin haushi. Arsenal ta koma can tun 1913, kuma akwai lokacin da filin ya ɗauki mutum sama da 73,000, a 1935 kenan, lokacin da yawancin 'yan kallo a tsaye suke kallo kafaɗa da kafaɗa. To bayan turmutsutsun filin wasa na Hillsborough na 1989 wanda ya yi sanadin ran mutum 97, sai aka ce dole duk filayen manyan kulob na Ingila kowa ya samu kujerar zama, ka san inda mutum biyu za su tsaya ba lallai kujera ɗaya ma ta shiga ba, shi ne Highbury ta dawo ba ta wuce 38,419. A daidai lokacin Man United na ta ƙara wa Old Trafford girma har ta haura 67,000, kaga duk wasan gida ɗaya ana tsere wa Arsenal da kuɗin tikitin mutum kusan dubu talatin, sau 19 a lig kaɗai banda Champions League da sauran kofuna. Sun ma gwada buga Champions League ɗinsu a Wembley daga 1998 zuwa 2000 kuma mutum sama da 73,000 suka shigo wasansu da kulob ɗin Lens na Faransa, anan suka tabbatar masu son shiga suna nan, wurin zama ne babu.

Faɗaɗawar kuwa ba ta yiwuwa. Highbury a tsakiyar unguwa take, gidajen mutane sun kewaye ta, kuma ɓangaren gabas na filin gini ne da gwamnati ta sa cikin gine-ginen tarihi, ba ka da ikon rushe shi ko da kai ka mallake shi. In za ka ƙara kujeru sai ka rushe gidajen maƙwabta, su kuma suka ce ba su san zance ba, ƙaramar hukumar Islington ma ba ta goyi baya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu a harkar gini in aka ce za a yi babban fili a cikin babban birni, siminti da rodi ba su ne ke hana mu barci ba, wannan lissafi ne da kowane mai ƙididdiga zai iya yi maka. Abin da ke hana barci shi ne ƙasar da za a ɗora ginin a kai da mutanen da ke zaune a kanta. A Landan ba za ka samu fegi mai girman da ake so a zaune haka kawai ba kowa ba. Wurin da Arsenal ta samu, Ashburton Grove, ko rabin kilomita bai kai ba daga Highbury, amma fa unguwar ƙananan masana'antu ce da kuma wurin da hukuma ke tara shara, a matse tsakanin layukan dogo. Sun bayyana shirin a ƙarshen 1999 da niyyar shiga a 2003, Islington ba ta amince ba sai Disamba 2001, kuma amincewar da sharuɗɗa ta zo: ku sama wa masu sana'o'in wurin matsuguni ko ku biya su diyya, ku gina wa hukuma sabuwar cibiyar sarrafa shara a wani wurin da kuɗinku, ku yi gidaje har da masu sauƙin kuɗi, ku sa hannu a gyaran hanyoyin sufuri. Cibiyar sharar nan kaɗai ta ci wajen fam miliyan 60. Ka duba fa, kulob ɗin ƙwallo ya kashe kuɗin da a wancan lokacin zai sayo manyan 'yan wasa uku ko huɗu a kan bola, tun ba a kafa ginshiƙi ɗaya ba. Ga wasu daga cikin mazauna da masu sana'a sun kai ƙara kotu, ni kuma ban ga laifinsu ba wallahi, mutum ya shekara ashirin yana neman abincinsa a wuri a ce ya tashi saboda ƙwallo, dole ya nemi haƙƙinsa.

A 2003 aikin ma tsayawa ya yi cak don kuɗi sun ƙi haɗuwa. Sai a Fabrairu 2004 wasu bankuna ƙarƙashin Royal Bank of Scotland suka ba da bashin fam miliyan 260, sannan kamfanin Sir Robert McAlpine ya shiga aiki gadan-gadan. Ginin kansa shekara biyu da 'yan watanni ya ɗauka, amma neman izini da ƙasa da kuɗi ya ci sama da shekara huɗu, duka aikin kuma ya tashi a kan fam miliyan 390.

Maganar ciyawa da kujeru da rufi kuwa, bari in ɗan buɗe maka ita. Rufin Emirates ba shi da ginshiƙi ko ɗaya da zai tare wa ɗan kallo gani, wato ƙarafa masu nauyin dubban tan suna rataye a kan mutum dubu sittin ba tare da abin da ya tokare su daga tsakiya ba, kuma an lanƙwasa shi ya gangaro ciki saboda hukuma ta ƙayyade tsayin da ginin zai kai a unguwar. Shi kuma dogon gini mai rufi yana tare rana da iska, ciyawa kuwa ba ta rayuwa babu su, shi ya sa ake turo mata manyan fitilu masu taya suna haska ta in ba wasa, a ƙarƙashinta akwai bututun ɗumama ƙasa saboda sanyi da magudanan ruwa, ita kanta ciyawar an ɗinke ta da zaren roba don kar ta tuge. Sannan ƙa'idar Ingila ita ce a tsara ƙofofi da matakala yadda 'yan kallo za su iya barin kujerunsu su shiga hanyar fita cikin minti takwas, wannan ƙa'idar ita ke yanke faɗin kowace matakala da yawan kowace ƙofa, ba son ran mai zane ba. Sai da aka gina gadoji biyu a kan layin dogo don mutane su samu hanyar shiga da fita. Har yau ranar wasa tashar jirgin ƙasa ta Drayton Park da ke kusa da filin rufe ta ake yi, ta Holloway Road ma ana taƙaita amfani da ita saboda ba za ta iya da cunkoson ba. Kafin a ba su takardar shaidar tsaro sai da suka yi taro uku na gwaji ba tare da an cika filin ba, na ukun shi ne wasan karrama ɗan wasansu Bergkamp da suka buga da Ajax ranar 22 ga Yuli 2006, kuma tunda ka ce kai ɗan zamanin Kanu ne, shi ya ci ƙwallon da ta ba Arsenal nasara 2-1 a ranar.

To ina kuɗin 'yan wasa suka shiga? Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Filin ai ya kawo kuɗi, kuɗin shiga na ranar wasa ya tashi daga wajen fam miliyan 44 a kakar ƙarshe ta Highbury zuwa wajen miliyan 90 a kakar farko ta Emirates, kuma kaso mai tsoka daga kujerun alfarma da ɗakunan manyan baƙi 150 yake fitowa, ba daga talakan da ke bayan raga yana waƙa ba. Matsalar ita ce don su samu tsabar kuɗi a hannu lokacin gini sai suka sayar da gobensu da araha. A Oktoba 2004 suka ƙulla da kamfanin jirgin Emirates a kan fam miliyan 100, sunan fili na shekara 15 da tallan gaban riga na shekara takwas, da Nike ma dogon kwantiragi suka yi. A lokacin kuɗi ne masu yawa, amma kafin a je ko'ina kasuwa ta tashi, Man United da sauransu suna sabunta nasu da tsada su kuma suna ɗaure da tsohon farashi, kamar manomin da ya karɓi kuɗin hatsinsa tun yana gona don ya biya bukata, kaka ta yi farashi ya hau shi kuma sai kallo. Ga bashi da kuɗin ruwa ana biya duk shekara, ga tsohuwar Highbury da suka mayar gidajen kwana don su sayar su rage bashi sai rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya faɗo a kan kasuwar gidaje. Sannan abin da babu wanda ya sa a lissafi a 1999: Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, 'yan Abu Dhabi suka sayi Man City a 2008. An gina fili don a kamo Man United da kuɗin tikiti, sai ga waɗanda ba ruwansu da tikiti sun shigo kasuwa. Shi ya sa ka ga Henry ya tafi a 2007, Adebayor da Kolo Toure a 2009, Fabregas da Nasri a 2011, Van Persie a 2012, ana cike gurbinsu da yara.

Kar ka ɗauka Arsenal kaɗai abin ya sama. Maƙwabtansu Tottenham sun bayyana nasu shirin a 2008 amma ba su buga wasa a sabon filin ba sai 3 ga Afrilu 2019, wani ƙaramin kamfanin aikin ƙarfe da ya ƙi tashi ya riƙe su a kotu har 2015, sannan da aka zo buɗewa a 2018 na'urorin gargaɗin gobara suka ƙi cin jarrabawa aka ƙara watanni suna haya a Wembley, kuɗin kuma ya kai wajen fam biliyan ɗaya, a bazarar 2018 ko ɗan wasa ɗaya ba su saya ba. Amma su sun koyi wani darasi da nake ganin shi ne mafi muhimmanci a wannan harkar, wato fili wasan gida 25 zuwa 30 kawai yake gani a shekara, sauran kwana ɗari uku da wani abu yana zaune yana cin kuɗin wuta da ma'aikata da gyara. Shi ne suka yi ciyawar tasu a kan manyan farantan ƙarfe uku da ke zamewa su shige ƙarƙashin kujerun kudu, a ƙasa kuma akwai wani filin roba na ƙwallon Amurka, ana kuma yin casu da dambe, a nan Anthony Joshua ya kara da Usyk a Satumba 2021. Valencia ta Sifen kuwa ta fara sabon filinta a 2007, kuɗi suka ƙare a 2009, kwarangwal ɗin kankare ya yi sama da shekara 15 a tsaye a tsakiyar gari kafin a koma aiki. In ka haɗa da waɗannan za ka ga Arsenal ma da sauƙi ta fita.

Wannan batun na ranakun da ba wasa shi ke ci min rai game da namu na gida. Babban filin Abuja an gina shi ne don wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum kusan adadin Emirates, amma babu kulob mai tarin magoya baya da ke cika shi duk mako biyu, shi ya sa ciyawarsa take lalacewa a gyara ta sake lalacewa, Super Eagles kuma su tafi Uyo. Ginawa aikin shekara uku ne, riƙewa kuma na shekara hamsin, kuma tun a takarda ya kamata a san wa zai riƙa biya.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko kare Wenger ake yi. Daga 2006 zuwa wajen 2013 ni ina tare da manyanku ɗari bisa ɗari. Shi da bakinsa ya faɗa cewa bankuna sai da suka nemi ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar kafin su saki kuɗi, saboda lissafin biyan bashin ya dogara da shiga Champions League, kuma mutumin nan bai taɓa faɗowa ƙasa da na huɗu ba har 2016 alhali kusan duk shekara ana sayar masa da gwarzonsa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne ko kaɗan. Amma daga ƙarshen 2012 an sabunta yarjejeniya da Emirates a kan fam miliyan 150, a 2013 aka sayo Ozil a kan miliyan 42 da rabi, a 2014 aka ci kofin FA a hannun Hull aka kuma kawo Sanchez, kaga ƙangin ya saki kenan. Don haka in wani a gidan kallo ya ce maka fili ne ya hana ku lig ɗin 2016, ka tuna masa cewa a bazarar 2015 akwai kuɗi a asusu amma mai tsaron raga Petr Cech kaɗai aka sayo wa babbar tawaga, kuma Leicester da ta ɗauke kofin da tazarar maki goma filinta mutum dubu 32 yake ɗauka.