Amsa ga ɗana a Tasalonika ta ƙasar Girka kan abin da ya ƙi sha

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya lafiya. Saƙonka ya same ni tun daren Laraba, na bari sai yau domin tambayar ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce abokin karatunka ya kai ka gidansu, mahaifinsa ya buɗe wata kwalba mai kumfa da ƙanshin itace, ya ce maka abin kakanni ne, ka ƙi karɓa, sai ka ga fuskar dattijon ta ɗan sauya. Kana so ka san ko ruwan itace ne ko giya, kuma ko ka yi rashin ladabi.

Giya ce. Sunanta retsina, ruwan inabi ne da aka bari ya tsimu, barasar cikinta takan kai kashi 11 ko 12 cikin ɗari, kuma tana bugarwa. Ƙanshin itacen bai sauya hukuncinta ba, kumfar ma haka. Ka yi daidai da ka kame bakinka. Abin da ya rage maka shi ne ka san me dattijon nan ya miƙo maka, don a wurinsa karramawa ce babba.

Asalin abin daga tulu ne. Fiye da shekara 2000 da suka wuce Girkawa a tulunan yumɓu suke ajiye ruwan inabi, masu hannu biyu da tsinin gindi. Ka san halin yumɓu, yana tsattsafo, yana shan iska. Abin da ke sanyaya mana ruwan randa shi ne ke lalata musu ajiya, domin da iska ta shiga sai ruwan ya yi tsami. Sai suka riƙa shafe cikin tulun da ƙaron wata bishiya mai ganye kamar allura, wadda suke kira pefko, su kuma liƙe bakin da shi. Ƙanshin ya bi ruwan. Daga baya Rumawa suka koma ga gangar katako, buƙatar liƙin ta kau, mutanen yamma suka bar shi. Girkawa kuwa harshensu ya riga ya saba, sai suka shiga jefa ƙaron da gangan. Ka tuna randar kakarka da take turarawa? Duk wanda ya tashi da ruwan randar nan, in ka ba shi na firji sai ya ce maka salam yake. To haka abin yake a wurinsu.

Baƙo bai cika son ta ba tun can. A shekarar 968 wani bishop daga Kiremona ta Italiya, Liutprand, ya je Kustantiniyya da saƙon sarkinsa, ya koma ya rubuta cewa giyar Girkawa ba ta shayuwa saboda ƙaro da sauran abubuwan da ake gauraya mata.

A shekarun da na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Firayus kusa da Atina, akwai wani gidan abinci a layinmu da ake sauka cikinsa ta matakala, inda nake sayen soyayyen kifi in tafi da shi ɗaki. Gangunan retsina ne jere a jikin bango. Mai wurin yakan murɗa famfon ganga ya tara wani ɗan jan moɗa na gwangwani, kuma da kilo ake saye, mutum ya ce a ba shi rabin kilo. Ƙananan kofuna, zaitun, farin cuku mai gishiri, 'yan kifaye, su zauna kan wannan har dare suna hira. Ban cika ganin wanda ya fita yana tangaɗi ba. Ita a wurinsu abokiyar abinci ce da zama.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai tatsar ƙaron. Na ga aikinsu a tsibirin Ebiya. Mutum ya ɗauki 'yar gizago ya ɓare ɓawon bishiyar kaɗan, ya rataya mazubi a ƙasan wurin, ƙaron ya riƙa ɗiga fari-fari mai kauri kamar zuma, ya dawo bayan kwanaki ya ƙara ɓarewa sama, haka har zafi ya wuce. Na tuna masu tsagar dakwara a Yobe. Sai dai namu ƙaron yana narkewa a ruwa, nasu ba ya narkewa, in ya kama hannu sai da mai yake fita. Ana jefa shi a ruwan inabin lokacin da yake tsimuwa, daga baya a tace shi tare da dusar. Dokar Tarayyar Turai ta ce kada ya wuce kilo 1 a lita 100, kuma sunan retsina na Girka ne. Inabin da aka fi yi da shi sabatiyano ne na yankin Atika, kewayen Atina, sai roditis.

Retsina ta taɓa zubar da mutuncinta. Daga shekarun 1960, da 'yan yawon buɗe ido suka cika ƙasar, aka shiga yin ta da yawa da araha, wasu na labta ƙaro don ɓoye mugun inabi. Ta koma abin shan talaka da ɗalibi. A nan garinku za ka ga Malamatina, 'yar kwalba rabin lita mai murfi irin na lemo, matasa na haɗa ta da Coca-Cola. Ka kula da wannan sosai, a kofi ba ka bambanta ta da lemo.

Ita kuma mai kumfar da ka gani tana cikin ƙoƙarin dawo da martabar da aka faro tun shekarun 1990: inabi mai kyau, ƙaro ɗan kaɗan. Gidan Kechris na nan Tasalonika suna da wata da suka sa wa suna Afros, wato kumfa. Sabuwar kwalba ce amma tsohon ɗanɗano. A al'adarsu ana buɗe gangunan sabuwar shekara ranar 26 ga Oktoba, ranar waliyyinsu Dimitiriyos, wanda suke ɗauka majiɓincin birnin da kake zaune. A lokacin ruwan bai gama tsimuwa ba, yana ɗan tsirtar harshe. Wannan ne masu yi na yanzu ke kamawa. Wasu ma sukan rufe kwalbar tun tsimin bai ƙare ba, iskar ta maƙale a ciki. Shi ya sa dattijon ya ambaci kakanni, ba ƙarya ya yi maka ba.

Akwai kuma ciwo a ciki. A watan Agustan 2021 gobara ta cinye sama da hekta 50,000 a arewacin Ebiya, inda masu tatsar nan suka fi yawa. Bishiyar tana ɗaukar gomman shekaru kafin ta isa tatsa. Da na ga hotunan sai da na kasa cin abinci, don na san dajin nan da ƙafata.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Ka koma gidan, kada ka bari abin ya kwana a zukata. Ka tsaya a shagon kayan zaƙi ka riƙa musu wani abu, haka suke shiga gidan mutane. Ka je da yamma lokacin gahawa, domin ka san hadisin da ya hana zama a teburin da giya ke zagayawa. Ka faɗa wa dattijon a fili cewa addininka ne ya hana ka, ba ƙyama ba ce. Mutane ne masu azumin kansu, sun san kamewa. In sun kawo maka wani farin alewa a cokali cikin ruwan sanyi, ka karɓa, na ƙaron mastiha ne daga tsibirin Kiyos, babu barasa. Mai irin sunan a kwalba ce giya. Sannan ka tambaye shi ƙauyen mahaifinsa da yadda suke buɗe ganga, ka zauna ka saurara har ya gama.

Ka rubuto mini abin da ya ce. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Kawunka.