Kafin ka zuba jari a famfuna masu VFD, ina littafinka?

Tambaya: Malam, ina sayar da famfunan masana'antu da kayan gyaransu. Ƙanena da ke ƙasar waje ya ce yanzu an koma famfuna masu na'urar sarrafa gudu, wato VFD, da masu aiko da rahoto ta waya, kuma duk wanda ya riga shigo da su shi zai kwashi kasuwa. Ina so in zuba jarina kaf a kwantena guda. Ba na rubuta ciniki dalla-dalla, amma na san kwastomomina. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ƙanenka bai yi ƙarya ba game da inda fasahar ta dosa. Abin da ya dame ni shi ne maganarka ta ƙarshe, wato ba ka rubutu. Ka san sunan kwastoma da fuskarsa, amma ka san lita nawa famfonsa ke turawa a awa? Mita nawa yake ɗaga ruwa? Awa nawa yake aiki a rana? In babu waɗannan a rubuce, to kwantenar nan caca ce, domin famfunan zamani ba a sayensu da ido.

Ɗauki VFD, na'urar da ke rage wa inji gudu ko ta ƙara masa gwargwadon buƙata. Amfaninta na gaske ne. A famfo mai farfela, in ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci kan iya sauka zuwa kusan rabi. Inji mai kilowat 30 da ke aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, yana shan wuta kusan yunit 144,000. Ko kashi ɗaya cikin huɗu aka rage, an tsira da yunit 36,000, kuma wannan ne abin da zai sa mai masana'anta ya biya ka tsada ba tare da ciniki mai tsawo ba.

Sai dai wannan ragin yana samuwa ne a inda buƙatar ruwa ke hawa da sauka, ko inda ake matse bawul don a rage ruwan da famfo ya yi wa yawa. In aikin famfon shi ne ɗaga ruwa zuwa tanki mai tsawo sosai, da ka rage gudu kaɗan ruwan zai kasa kaiwa, farfela ta yi ta juyawa a banza, ruwan ciki ya yi zafi, sil, wato abin da ke hana famfo yoyo, ya lalace. Wannan kwastoma ya kashe kuɗi bai ga ragi a takardar wuta ba, kuma kai zai zarga. Wane ne a cikin kwastomominka ke rukunin farko, wane ne a na biyu? Littafi kaɗai zai faɗa maka.

Akwai kuma wahalar bayan sayarwa, wadda masu kawo labarin arziƙin dare ɗaya ba sa ambata. Yawancin VFD an ƙera su ne su yi cikakken aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A ɗaki mai zafi da ƙura sai ta riƙa kashe kanta. In wayar da ke tsakaninta da inji ta yi tsawo, kamar a famfon rijiya mai zurfi, ana buƙatar filta, in ba haka ba kwayil ya ƙone. Famfon cikin rijiya kuwa bai kamata a sauko da shi ƙasa da 30 Hz ba (Hz shi ne ma'aunin da VFD ke saita gudun inji da shi), saboda boris ɗinsa, wato abin da sandar inji ke juyawa a kai, da ruwa yake samun santsi. Tsohon injin da aka sake wa naɗin kwayil shi ma sau da yawa ba ya jimre aiki da VFD. Duk wanda ya ƙone a wata na uku, shagonka za a dawo da shi, ƙanenka kuma yana can nesa. Wa ya sa hannu a garanti? Wa zai saita na'urar? Zumunci ba ya maye gurbin takarda.

Famfo mai maganaɗisu, wanda ba shi da sil, yana da kyau ga sinadarai masu haɗari domin ba ya yoyo, amma in ya yi gudu babu ruwa, cikin mintuna ya tashi daga aiki. Na'urorin auna girgiza da zafin boris masu aiko da saƙo kuwa, sai masana'antar da tsayawar awa ɗaya ke jawo mata babbar asara, kuma take da injiniyan da zai karanta rahoton. Irin waɗannan kwastomomi ba su da yawa. Abin da ya fi saurin karɓuwa shi ne injuna masu tattalin wuta na ajin IE3 da IE4, waɗanda tuni Tarayyar Turai ta wajabta su a wasu girma-girma.

Don haka ka dakatar da odar na wata uku. Ka zaɓi manyan kwastomominka 20, ka je da mai gyaran lantarki, ka kwafi abin da ke kan farantin kowane famfo da injinsa, ka auna amfiya, wato yawan wutar da injin ke ja, yana cikin aiki, ka rubuta tsawon ɗagawa, awannin aiki, yanayin bawul, da kayan da aka canza a shekarar da ta wuce. Daga nan ka fitar da wurare biyu ko uku da ake matse bawul kullum, ka sa musu VFD na kamfani mai wakili da kayan gyara kusa, irin su ABB ko Danfoss, ka kwatanta mitar wuta kafin sawa da bayan sawa.

Kada wannan gwaji ya ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarinka. Sauran ka bar shi a sil, boris da farfela, waɗanda ke juya maka kuɗi kowane mako. In sakamakon ya yi kyau, ka tura wa ƙanenka jerin girman da kake so da adadin kowanne, tare da sharaɗin garanti a rubuce.