Ajiye burodin tsami a jakar yadi

Malama, kin tambaya ko jakar yadin auduga za ta adana burodin tsami a nan Gombe. Za ta riƙe shi kwana 2 zuwa 3, domin yadi yana barin danshi ya fita, tsamin ƙullun kuma yana jinkirta fumfunar da leda ke jawowa da damina. Hunturu ne ya fi damuna, saboda iskarsa tana busar da burodi da sauri, don haka ki bari ya huce sarai, ki ninka jakar biyu, ki kife gefen da kika yanka. Kada ki sa shi a firji, sanyi yana taurara shi. Ki riƙa wanke jakar kina shanya ta a rana.