Amsa ga ɗan 'yar'uwata a Argungu kan karatun leza da kafa kamfani a Turai

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, saƙonka ya iso, kuma Yaya ta biyo bayansa da waya tana neman in sa baki. Na zaɓi in amsa a fili domin yara da yawa daga Birnin Kebbi da Jega da Gusau sun rubuto mini kusan magana ɗaya, kuma na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Ka ce ka gama digirin fiziks, ka kammala bautar ƙasa, ka karanta labarin masana leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi a miƙe, waɗanda suka kafa kamfanoni suka kuma shugabanci cibiyoyin bincike, kana son ka zo Jamus ka yi digiri na biyu, ka buɗe naka kamfani cikin shekara biyar, kuma mahaifinka ya amince a sayar da gonar fadama a yi kuɗin tafiya. Burin naka ya yi mini daɗi. Lissafin shekarun da maganar gonar su ne suka tayar mini da hankali.

Tunda labarin manya ne ya ɗauke maka hankali, sai mu duba shi tare da shekarunsa. Kumar Patel baƙo ne a Amurka kamar yadda nake baƙo a nan. An haife shi a Indiya a 1938, ya gama digiri na uku a Jami'ar Stanford a 1961, ya shiga ɗakunan bincike na Bell Labs a wannan shekara, kuma a 1964 ya fitar da leza mai aiki da iskar kabon dayoksaid, wadda har yau ake yanka ƙarfe da katako da ita, likitoci kuma suke tiyata da ita. Ta farkon da ya haɗa, ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na wat ɗaya ba. Ya zauna a wurin sama da shekara 30, yana hawa daga mai bincike zuwa shugaban sashe, sannan a 1993 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a matsayin mataimakin shugaba mai kula da bincike. Kamfaninsa na Pranalytica kuwa sai a 2000 ya kafa shi, lokacin ya haura shekara 60. Valentin Gapontsev na Rasha, wanda aka haifa a 1939, ya shafe fiye da shekara 20 a wata cibiyar binciken gwamnatin Tarayyar Sobiyet, kuma sai da daular ta kama hanyar rushewa, shi kuma ya haura shekara 50, ya kafa abin da ya zama IPG Photonics mai ƙera leza ta zaren gilashi. Kamfanin ya ji jiki sosai lokacin da kasuwar kayan sadarwa ta faɗi a 2001, bai kuma shiga kasuwar hannun jari ba sai a 2006.

Kai ɗan Argungu ne, ka san yadda 'yan kallo ke yi a Matan Fada ranar biki: idonsu yana kan mutumin da ya ɗaga giwan ruwa, babu mai tambayar shekara nawa ya yi yana shiga ruwa da homa da gora kafin ranar. Lezar Patel mai ɗan mitsitsin ƙarfi ita ce kakar wadda kamfanin Trumpf na Jamus ke ƙerawa yau domin injinan kamfanin ASML na Holan, inda take harbin ɗigon narkakken kuza sau 50,000 a daƙiƙa guda don a sami hasken da ake zana ƙwaƙwalwar wayoyin zamani da shi. Tsakanin wannan da wancan akwai fiye da rabin ƙarni na aikin dubban mutane. A wannan fage shekara biyar digiri na biyu ne da ɗan abin da ya samu na digiri na uku.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na iso shi ne ƙarancin amfanin da sakamakona mai daraja ta ɗaya ya yi mini a bakin teburin gwaji. Na iya lissafin Maxwell na haske da lantarki da ka, na iya bayanin yadda ƙwayoyin zarra ke sakin haske, amma ban taɓa riƙe madubin leza ba. Wani dattijo mai kula da kayan aiki, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, koyon sana'a kawai ya yi, yakan bi da haske ta madubai goma ya shigar da shi cikin zaren gilashin da bai kai kaurin gashi ba kafin shayinsa ya huce, aikin da nake wuni a kansa. Teburin kansa a kan iska yake shawagi domin kada takun ƙafa ya girgiza shi. Ƙura ɗaya a kan madubi tana iya ƙonewa ta lalata shi. Yawancin lezar masana'antu kuma ido ba ya ganin haskensu, saboda haka mutum ba zai ƙyafta ba har ta ƙona masa bayan ido, kuma wannan makanta ba ta da magani. Na daɗe ina goge madubai, ina liƙa wayoyi, ina koyon hattara a hannun wannan dattijo, kuma da wannan tushe ne yau nake jagorantar rukunin da ke tsara waldar tagulla a batiran motocin lantarki, inda muke aiki da koren haske domin tagulla tana mayar da mafi yawan hasken da ba a gani. Babu wanda ya ba ni wannan kujera don tausayi. Idan da gaske kake, tun yanzu ka je wurin masu gyaran rediyo da waya a kasuwa ka koyi liƙa da dalma, ka koyi rubuta manhaja da Python har ka iya sarrafa na'ura da ita, ka nemi mai injin gyaran ƙarfe ya nuna maka yadda ake aiki da ma'auni.

Sai maganar da babu wanda ya faɗa mini kafin in taso. Leza tana cikin fasahohin da ake amfani da su a farar hula da soja duka, kuma manyan ƙasashe suna sa ido a kan wanda ya koye ta. Yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 ta sa nau'o'in leza da dama cikin jerin kayan da ba a fitarwa sai da izini. A Ingila, ɗan Najeriya da zai yi karatun gaba da digiri a irin wannan fanni yana buƙatar takardar tantancewa ta ATAS kafin biza, a Amurka kuma ambaton leza a takardun neman biza yakan jawo ƙarin binciken da ke cin watanni. Ni kaina na yi aiki a wani kamfani inda aka karɓi wata kwangila, aka ware mata ɗaki, aka ce katina ba zai buɗe ƙofar ba saboda fasfo ɗina. Yaran da ni na koya musu daidaita madubi suna shiga suna fita, ni kuma ana kawo mini tambayoyi a rufe, in amsa ba tare da an gaya mini mene ne ake ginawa ba. Babu wanda ya zage ni, kowa yana gaishe ni da fara'a, amma lokacin ƙarin girma sai aka ce ba ni da gogewa a manyan ayyuka. Wannan abu har yau yana yi mini ciwo. Na sami ɗan sanyi da na san cewa Gordon Gould, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsara leza, an hana shi izinin tsaro na shiga aikin da aka gina a kan tunaninsa, kuma shi ɗan ƙasar ne. Saboda haka ka zaɓi ɓangaren da ƙofofinsa suka fi buɗuwa: sarrafa ƙarfe, kayan asibiti, auna gurɓatar iska da ƙasa, sadarwa ta zaren gilashi.

Labarin Gould yana da wani gefe da ya shafe ka. Ya rubuta tunaninsa a littafi, ya kai aka buga masa hatimin shaida a Nuwamba 1957, amma sai da ya yi kusan shekara 30 yana shari'a kafin haƙƙin mallakar ƙirƙirarsa ya kawo masa kuɗi. A nan Jamus doka ta ce duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki dole ya sanar da mai kamfani, shi kuma yana da ikon karɓe shi ya biya lada. Na taɓa kawo wata dabara a taron mako, aka yi shiru aka wuce, bayan watanni na ga takardar neman mallaka ɗauke da ita da sunayen mutum uku, babu nawa. Littafin aikina mai kwanan wata ne ya sa aka ƙara sunana a ƙarshe, bayan jayayyar da ta ɓata tsakanina da shugabana har na bar wurin. Tarbiyyarmu ta gida tana hana yaro faɗin "ni na yi" a gaban manya, kuma a nan ana ɗaukar shirunka a matsayin yarda.

Batun kamfani kuwa, takardar zaman ɗalibi ba ta ba ka damar yin sana'ar kanka sai da izini na musamman, kamfani mai cikakken rajista irin GmbH yana buƙatar jarin Yuro 25,000, kuma leza guda ta masana'antu mai harba haske a gajerun walƙiya tana iya haura Yuro 100,000 kafin ka sayi tebur da madubai. Mai masana'anta ba ya sayen injin da zai tsaya masa da aiki, don haka yakan gwada shi tsawon lokaci kafin ya biya, kai kuma kana biyan albashi. Yawancin ƙananan kamfanonin da na ga sun tsaya da ƙafafunsu daga cikin cibiya suka fito, da kayan aro da sunan malaminsu. David Payne na Jami'ar Southampton ya fitar da na'urar ƙara ƙarfin haske a zaren gilashi a 1987, kamfanin SPI da ya fito daga cibiyarsu an kafa shi a 2000, Trumpf ya saye shi a 2008. Shugabancin bincike ma ba abin da kake zato ba ne. A cibiyoyin bincike na Fraunhofer a nan Jamus, irin ta leza da aka kafa a Aachen a 1985, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗi ne ke zuwa kai tsaye daga gwamnati, sauran sai an nemo ta kwangila, saboda haka shugaba yana wuni ne a kan kasafi da rarrashin masu masana'antu da sasanta ma'aikata, kuma da Jamusanci ake wannan aiki ko da an yi karatu da Turanci.

Hanyoyin da nake ganin sun dace da kai ba sa buƙatar sayar da komai. Akwai tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, akwai na Erasmus Mundus na Tarayyar Turai wanda ke da shirin digiri na biyu na Europhotonics, akwai makarantar kimiyyar haske a Jena, garin da aka kafa kamfanin madubai na Zeiss, da ke koyarwa da Turanci. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa difloma ta shekara guda da cikakken tallafi. Kada kuma ka raina Afirka ta Kudu: Cibiyar Leza ta Afirka tana nan tun 2003, kuma a ɗakin gwajin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, da ke Pretoria ne aikin digiri na uku na Sandile Ngcobo ya haifar da leza mai sauya siffar haskenta ta kwamfuta a 2013. Wanda ya zo Jamus da kuɗin kansa sai ya ajiye Yuro 11,904 na shekara guda a rufaffen asusu, a jihar Baden-Württemberg kuma ya ƙara 1,500 duk zangon karatu. Ka mayar da wannan zuwa naira, ka duba ko gonar za ta kai shekara ta biyu.

Ina kuma son ka sa gida cikin lissafinka. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Akwai dabarar da ake harba leza a kan ƙasa ko dutse, ɗan wurin ya zama tartsatsi, a karanta launukan haskensa a gane ko akwai dalma. Da irinta motar Curiosity ke binciken duwatsun duniyar Mars tun 2012, kuma yanzu ana yin ta riƙe-a-hannu. Manoman shinkafa a Punjab ta Indiya suna daidaita gona da leza a bayan tarakta domin ruwa ya kwanta daidai, abin da fadamun Argungu da Suru ke buƙata. Kamfanin da zai kawo irin waɗannan na'urori, ya iya gyara su da daidaita ma'auninsu, ya koyar da matasa aiki da su, shi ne wanda nake ganin ɗan Kebbi zai iya kafawa ya ci riba, kuma idan ka kai wannan matsayi ni ne farkon wanda zai sa kuɗinsa.

Na gaya wa Yaya, kuma zan kira mahaifinka da kaina, cewa ba zan sa hannu a takarda ko ɗaya ba idan aka taɓa gonar, domin ƙannenka daga ita suke ci. Idan ka amince da wannan sharaɗi, ka turo mini takardar sakamakonka mai jerin darussa, da rahoton aikinka na shekarar ƙarshe, da shafi guda da ka rubuta da kanka kan ɓangaren da kake so da dalilinka. Ka nemi malamai biyu da suka san aikinka sosai su shirya wasiƙar shaida, ka yi rajistar jarrabawar Turanci ta IELTS, ka fara Jamusanci ko ta waya ce. Yawancin shirye-shiryen nan suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Fabrairu, don haka ina son komai ya iso mini kafin ƙarshen Oktoba in sami lokacin gyarawa. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.

Kawunka.