Amsa ga ƙanwarmu mai karatun kasuwanci da Sifaniyanci ya tsaya mata

(Muryar da aka turo a gurup ɗin ɗalibai. An rubuta ta saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanku da yamma. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce karatun kasuwanci kike, da Faransanci kika yi boko tun firamare, kin ɗauki Sifaniyanci har kin kai matakin B1, wato matsakaicin mataki a ma'aunin iya harshe, amma kin tsaya cik. Kina karanta jarida ki gane, in aka ce buɗe baki ki yi magana sai abin ya gagara. Kina tambaya ko ki ƙara haddar kalmomi.

A'a, ba kalmomi ba ne damuwarki. Kin ga, Faransanci da Sifaniyanci uwarsu ɗaya, Latin. Shi ya sa mai Faransanci yake saurin tafiya da farko, rabin kalmomin ma yana canka su ne kawai ya dace. To wannan kyautar da Faransanci ya ba ki, a B1 take ƙarewa. Daga nan shi ne ma zai riƙa ja miki ƙafa, don kina gina magana da Faransanci a ka, kina sa mata rigar Sifaniyanci.

Bari in nuna miki inda abin yake. Na farko, lokacin da ya wuce. A Faransanci, passé simple, wato sigar aikin da ya wuce mai kalma ɗaya, a littafi kawai muka san shi, ba wanda ke magana da shi a kasuwa. Masu Sifaniyanci kuwa nasu irin wannan, pretérito indefinido, shi ne abincin yau da gobe. “Jiya na sa hannu a kwangila”, ayer firmé el contrato. In kika bi tsarin Faransanci kika ce ayer he firmado, za a gane ki, amma an san daga inda kika fito. A Meziko da Ajantina ma abin ya fi tsanani, kusan komai da indefinido suke faɗa. Sai kin haddace aikatau masu taurin kan nan da ba sa bin ƙa'ida, fui, tuve, hice, dije, puse, har su riƙa fita ba tunani.

Sai subjuntivo, sigar aikatau ta abin da bai tabbata ba tukuna, wanda nan ne ake gane wanda ya haye B2, matakin da ke gaba da B1. Ke kin saba da “quand la commande arrivera”. Su ba sa sa lokaci mai zuwa bayan cuando. Cuando llegue el pedido, pagaremos, in odar ta iso za mu biya. Llegue fa, ba llegará ba. Haka sharaɗi: si tuviéramos más tiempo, da muna da ƙarin lokaci. Wannan sigar a Faransanci ta kusa mutuwa, a wurinsu kuwa yaro ƙarami yana amfani da ita. Kuma duba, duk cinikayya da sharaɗi ake yin ta: in kun rage, in kaya sun iso, da za ku ƙara mana wata ɗaya. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai iya neman ragi cikin ladabi ba. Ser da estar, por da para, kalmomin da ake rikita wa juna, su ma suna nan, amma su kunne ne ke gyara su a hankali, kada ki ɓata dare a kansu.

Ki yi hattara da lissafi. Milliard ɗinmu na Faransanci, wato miliyan dubu, su mil millones suke cewa. Billón kuwa miliyan sau miliyan ne. Nombre suna ne, ba adadi ba kamar a Faransanci. Waɗannan a takardar kuɗi ba wasa ba ne.

Yanzu shawarata, ki zaɓi ƙasa ɗaya ki bi ta. Ƙasashe 20 ne ke da Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma, har da Ekwatoriyal Gini a nan Afirka, kuma Meziko ce ta fi kowa yawan masu yin sa. Ba za ki iya kwaikwayon kowa ba. In Sifaniya kike hari, ki koyi vosotros, wato “ku” na sabo, ki saurari labaran RTVE, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, ki riƙa karanta Expansión ko Cinco Días, jaridun tattalin arziki ne. In Latin Amurka ce, ki manta da vosotros, ustedes ya ishe ki wajen cewa “ku”. A Ajantina kuma za ki ji vos a maimakon tú, wato “kai” ko “ke” na sabo. Ki ɗauki labari ɗaya a kan Inditex, masu Zara, ko bankin Santander, ki karanta, ki rufe, ki maimaita shi da bakinki a waya. Ki saurari kanki. Ba daɗi, amma yana aiki.

Batun al'ada, ni a ganina ɗaliban kasuwanci suna raina shi, suna ɗauka rawar flamenco ce da ƙwallo. Ga abin da zai shafe ki. A Sifaniya suna saurin komawa tú ko a ofis, fiye da yadda Faransawa ke sakin vous. A Kolambiya da Meziko kuwa ki riƙe usted, na girmamawa irin vous, har sai an ce ki bari. Sannan mutum yana da sunan dangi biyu, yawanci na uba sannan na uwa. Wanda ya kafa Inditex, Amancio Ortega Gaona, señor Ortega ne, ba señor Gaona ba. Mace kuma ba ta canza sunanta don ta yi aure.

Lokaci ma haka. A Madrid abincin rana sai ƙarfe 2 ko 3, na dare 9 ko 10. Wani ɓangare na dalilin shi ne tun 1940 aka tura agogonsu ya daidaita da na tsakiyar Turai. Da sanyi agogonsu ɗaya da na Yamai, da bazararsu sun riga mu da awa ɗaya. In an gama ci ba a tashi, ana zama hira, sobremesa suke ce mata, kuma sau da yawa a nan ake ƙulla yarda kafin a zo maganar farashi. Watan Agusta kuwa kada ki sa ran amsar imel da wuri, hutu suke. In Basalona za ki, ki sani Katalanci ma harshen hukuma ne a can, kuma suna ji da shi.

Af, takardar shaida. Takardar DELE ta Instituto Cervantes, hukumar Sifaniya mai yaɗa harshen, ba ta ƙarewa, takardar SIELE kuwa shekara 5 take yi. Cervantes suna da cibiya a Dakar. Ki nufi B2, ita ce ke da nauyi wajen neman aiki ko mastar.

To kafin Juma'a ki turo mini murya ta minti biyu da Sifaniyanci. Ki ba ni labarin abin da kika yi jiya, sannan ki roƙi wani dillali ya ɗaga miki ranar biya. Kada ki rubuta ki karanta fa, zan gane. Sai na ji ki.