Tambaya da Amsa: Da Me Za Mu Buɗe Fim Ɗinmu Mai Sa Fargaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida. Malaminmu ya kasa mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ɗauki minti 2 na farkon fim mai sa fargaba, har da sunan fim da sunayen ma'aikata, kuma ba zai bari mu fita lokeshin ba sai mun kawo masa fayil na bincike da tsari, wanda shi ma yake da makinsa. Mu biyar ne, kuma wayar hannu kaɗai gare mu. Abokan aikina sun dage sai mun buɗe da kisa a daji da dare, da wuƙa da jini, wai shi ne zai kama mai kallo. Hankalina bai kwanta da hakan ba, amma na rasa hujjar da zan ba su. Wane irin bincike ake nufi, kuma ta ina za mu fara? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba, kuma hujjar da kike nema tsohuwa ce a wannan sana'a. Abin da yake sa zuciyar mai kallo ɗar-ɗar shi ne jiran abin da ya hango yana tafe. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya yi suna a irin waɗannan fina-finai, ya bayyana haka a hirar da darakta François Truffaut na Faransa ya yi da shi a 1962. Misalin da ya bayar shi ne na mutum biyu da suke hira a teburi, alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. Idan ba a nuna wa mai kallo bam ɗin ba sai da ya tashi, an ba shi firgita ta daƙiƙa 15 ke nan. Idan kuwa an nuna masa tun farko, ya san lokacin da zai tashi, ga kuma agogo a bango, to an ba shi fargaba ta minti 15, domin hirar banza da mutanen suke yi ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido daga kai ba. Kisan da abokan aikinki suke so irin na farko ne. Da zarar wuƙa ta sauka jira ya ƙare, kuma ku da aka ba minti 2 kacal ba ku da abin da za ku cike sauran lokacin da shi.

Wannan aiki da aka ba ku daɗaɗɗen darasi ne a makarantun Ingila, inda ɗaliban sakandare masu karanta harkar yaɗa labarai suka shafe shekaru suna yin sa, kuma da yawa daga cikin ayyukansu suna nan a YouTube. Ki kalli kamar goma a jere, za ki ga daji, da yarinya tana gudu tana waiwaye, da wani mai rufaffiyar fuska a bayanta, ana ta maimaita su har ki gaji. Wannan kallo ma bincike ne, kuma ya cancanci shafi guda a fayil ɗinku, domin yana nuna wa malami cewa kun san abin da aka riga aka cinye kafin ku zo.

Amma ainihin binciken shi ne ku zaɓi farkon fina-finai huɗu ko biyar na ƙwararru, ku zauna da biro da takarda da agogo, ku kalli kowanne sau uku: da sauti, sannan a kashe sautin, sannan a juya wa allon baya a saurari sautin kaɗai. A kowane kallo ku rubuta daƙiƙar da aka fara nuna fuskar mutum, da daƙiƙar da aka fara magana, da inda sunan fim ya fito, da yawan lokutan da aka yanka hoto, wato aka sauya daga wata ɗauka zuwa wata, da kuma abin da mai kallo ya sani wanda jarumin bai sani ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci nesa ba kusa ba. Ina ba ku shawarar ku sa farkon Touch of Evil na Orson Welles, wanda ya fito a 1958, a cikin jerin naku. Abu na farko da ake gani a cikinsa shi ne hannu yana saita lokacin bam, sai a saka shi a but ɗin mota, sannan kyamara ta bi motar cikin wani gari na kan iyakar Amurka da Meziko fiye da minti 3 ba tare da an yanka hoton ba, tana ratsa masu tafiya a ƙasa da masu tura kaya, motar tana tsayawa tana tashi. Babu digon jini a duk tsawon wannan lokaci, amma ba za ki iya kai hannu ga kofin shayi ba. Ba ina cewa ku kwaikwayi doguwar ɗauka irin wannan ba, domin tana buƙatar ƙugiyar ɗaga kyamara da tarin 'yan wasa. Tsarin bayar da labarin shi ne abin ɗauka.

Bayan haka sai ku koma ga abin da kuke da shi a hannu, ku gina labarin a kansa, maimakon ku rubuta labari sannan ku shiga neman inda za ku ɗauke shi. Bari in kwatanta. A ce ɗaya daga cikinku yana da gidan da za a ba ku aro, mai ƙofar ƙarfe da zaure da tsakar gida. Hoton farko shi ne na buta a gefen rariya, ƙasa a jiƙe, ruwan alwala yana gangarawa a hankali. Sai a ji ƙarar buɗe kwaɗon ƙofa daga waje. Wata budurwa ta turo ƙofa da jaka a kafaɗa, waya a kunne, tana cewa ai babu kowa a gidan, duk sun tafi biki Funtuwa tun shekaranjiya. Ta tsallake ruwan ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta ajiye jakar, ta dawo ta zura sakata, wato ta kulle kanta da hannunta tare da wanda yake ciki. A nan allo zai yi baƙi, sunan fim ya fito. 'Yar wasa ɗaya ce, wuri ɗaya, jimlar magana ɗaya, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa siminti ba ya kwana biyu a jiƙe da ruwan buta. Irin wannan sani na gida shi ne jarinku, kuma ɗalibin Landan ba shi da shi. Kada ku ɗauki wannan misali ku kai wa malami. Ku nemo naku a shagon tela, ko rumfar mai POS da magariba, ko ɗakin kwanan ɗalibai lokacin hutu.

Idan labari ya tsaya, a rubuta shi, kuma a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya yakan yi daidai da kusan minti 1 a allo, saboda haka idan naku ya kai shafi huɗu kun yi yawa. Daga nan sai zanen ɗauka: a ja akwatuna a takarda, kowane akwati ɗauka ɗaya, a rubuta a ƙarƙashinsa ko daga nesa ne ko daga kusa, da tsawonsa, da sautin da za a ji. Rashin iya zane ba uzuri ba ne, domin kuna iya zuwa gidan ku ɗauki hotuna marasa motsi da wayar, ku jera su a manhajar tace bidiyo irin CapCut gwargwadon daƙiƙoƙin da kuka tsara. Wannan jeren hotuna shi za ku nuna wa mutum biyar ko shida da ba su san labarin ba, ku yi musu tambaya ɗaya: me kuke jin zai faru bayan nan? Idan sun ce akwai mutum a gidan, aikinku ya yi. Idan sun ce ba su lura da butar ba, sai a matso da kyamara ko a ƙara wa hoton daƙiƙa 2. A ganina wannan ya fi takardar tambayoyin da ɗalibai suka saba rabawa, wadda ake tambayar mutum ko yana son fim mai sa fargaba, ya ce e, a zana jadawali, ba a ƙaru da komai ba.

Batun dare kuwa, wayar hannu ba ta jure duhu, hoton yakan fito dishi-dishi, kuma daji da dare a halin da ake ciki ba wurin da malami mai hankali zai sa hannu a tura ɗalibai ba ne. Hasken da ya fi dacewa da ku shi ne na tsakanin la'asar sakaliya da magariba, sai dai a ƙasarmu tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu bai cika kai rabin awa ba, don haka ku shirya raba ɗaukar zuwa yammaci biyu ko uku, ku kuma ba mutum ɗaya aikin kula da ci-gaban shiri, ya riƙa ɗaukar hoton kafaɗar da jaka take da girman jiƙon da ke ƙasa. Idan za ku kunna ƙwan lantarki, ku saita wayar a kan hoto 25 a daƙiƙa in tana ba da dama, domin wutar Nijeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma ɗauka a kan hoto 30 takan sa haske ya riƙa kyaftawa. Ku je lokeshin tun kafin ranar aiki, a daidai lokacin da za ku yi ɗaukar, ku yi shiru ku saurara: janareton maƙwabta, injin markaɗe, adaidaita sahu, da lokacin kiran salla duk sai an rubuta su a fayil. Takardar izinin mai gida ma ta shiga ciki. Idan kuma akwai abin da za a ɗauka a kan titi mai kama da ƙwace ko makami, ko da bindigar roba ce, wajibi ne a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, saboda jama'ar da suka ga an bi yarinya da wuƙa ba za su tsaya neman kyamara ba.

TAMBAYA: Ni ma irin wannan aiki aka ba mu. Shin za mu iya ɗora kiɗan wani fim ɗin Indiya ko na Amurka a kan namu, tunda ba sayarwa za mu yi ba? Kuma ina ya kamata sunayenmu su fito? Daga wani ɗalibi, Jos.

AMSA: Malam, ban ba ka shawarar haka ba. Kiɗan yana da masu shi, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana nan, kuma ranar da kuka ɗora aikin a YouTube ko Facebook na'urarsu tana iya gane kiɗan ta toshe bidiyon ko ta kashe sautinsa. Ko da babu wannan, kiɗan da aka yi wa fim na miliyoyin daloli yakan danne hoton waya, ya tona ƙarancinsa. Ku haɗa naku sautin: ƙarar sakata, takun silifas a kan siminti, ɗigar famfo, kukan fanka mai tsufa, kowanne a naɗe shi daban da wayar a kusa da shi cikin ɗaki mai labule, sannan a naɗi minti 1 na shirun lokeshin domin toshe giɓi wajen tacewa. Idan sai da kiɗa, mai piyano a kowane situdiyon unguwa zai iya ja muku sauti ɗaya mai kauri.

Sunaye kuma kada su wuce abin da ya zama dole: 'yan wasa, ɗaukar hoto, sauti, tacewa, shiryawa, sannan ba da umarni a ƙarshe kamar yadda aka saba. Ku bar musu gurbi tun a zanen ɗauka, a kan bango ko ƙasa ko wani gefe mai duhu, kowane suna ya tsaya gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu, kuma kada a sa ko ɗaya a kan hoton da yake ɗauke da alamar haɗarin, domin ido rubutu yake fara bi kafin ya dubi sauran allon.