Tambaya Da Amsa: Sautin Da Ke Maimaita Kansa A Gajeren Zango

Tambaya: Malam, da daddare ina murɗa rediyona a gajeren zango, kusa da kilohaz 7039, sai na ji wani ɗan sauti yana ta maimaituwa ba tare da muryar kowa ba. Mene ne shi, kuma yaya ake gano inda yake fitowa?

Amsa: Mai yiwuwa ka ci karo da tashoshin da ke aika harafi ɗaya tak da alamomin Mos (tsarin aika haruffa da dogayen sautuka da gajeru), dare da rana, ba tare da sun bayyana ko su wane ne ba. Ka kasa kunne sosai: dogon sauti ɗaya da gajeru biyu shi ne harafin D, wanda masu sha'awar bibiyar irin waɗannan tashoshi suka daɗe suna dangantawa da sojojin ruwan Rasha a birnin Sebastofol da ke yankin Kirimiya, yayin da C, wato dogo, gajere, dogo, gajere, ake danganta shi da Mosko.

Gano wurin kuwa aikin haƙuri ne. Ka riƙa rubuta mitar, da lokacin, da ƙarfin sautin a kowane dare. Daga nan sai ka nemi rediyoyin KiwiSDR, wato na'urorin kama tashoshi da mutane ke kafawa a wurare daban-daban, waɗanda ke buɗe ga kowa ya saurara ta intanet, domin idan uku ko fiye da ke nesa da juna suka kama sautin tare, bambancin lokacin isarsa gare su yakan nuna yankin da tashar take a taswira.